Kalmomin sirri miliyan 4.7 a kan takarda: abin da littattafan Aram Bartholl suka tona

A shekarar 2013 wani ɗan fasaha Bajamushe mai suna Aram Bartholl ya buga littafi mai juzu'i takwas, kowane juzu'i shafi 800. Babu labari a ciki, babu hoto, babu ko jimla ɗaya. Daga bango zuwa bango kalmomin sirri ne na masu amfani da LinkedIn, shafin neman aiki, guda miliyan 4.7, an jera su bi da bi bisa tsarin abacada. Idan ka yi lissafi, kowane shafi yana ɗauke da kalma wajen 730. Ana ajiye littattafan a ɗakin baje koli, mai ziyara ya ɗauka, ya buɗe, ya nemi tasa. Sunan aikin kuwa tambayar nan ce da ke maƙale a ƙarƙashin kowane akwatin shiga a intanet, Forgot Your Password?, wato ka manta kalmar sirrinka?

Wanda ya saba ganin fasaha a zane ko sassaƙa zai ce, to ina fasahar a nan? Bartholl bai ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin kalmomin ba, bai kuma shiga rumbun kowa ya sato ba. Jerin yana yawo a intanet tun 2012, shi dai ya kwaso ya tsara ya kai maɗaba'a. Amma irin wannan aiki yana da tarihi a Turai da Amurka, inda wasu 'yan fasaha suka daɗe suna cewa tunanin da ya haifi abu ya fi abin kansa muhimmanci. Sol LeWitt ya rubuta hakan ƙarara a mujallar Artforum a 1967. On Kawara, ɗan Japan da ya zauna a New York, ya cika juzu'i goma da shekaru tsura, shekara 500 a kowane shafi har miliyan ɗaya, don mai kallo ya ji nauyin zamani a hannunsa. A kan wannan turba Bartholl yake. Kusan duk ayyukansa abu ɗaya suke yi, su ɗauko abin da muka saba gani a fuskar waya su ba shi jiki da nauyi. Shi ne ya kafa ƙatuwar jar alamar nan ta taswirar Google a tsakiyar wasu birane, shi ne kuma ya yanko karkatattun haruffan da shafuka ke sa ka kwafa don ka nuna kai mutum ne, ya yi su da ƙarfe ya kai su titi.

Yadda kalmomin suka fito fili shi ne kashin bayan aikin. A farkon watan Yuni na 2012 wani ya saki fayil a wani dandalin Rasha na masu fasa kalmomin sirri, yana neman a taya shi aiki. Layi kusan miliyan 6.5 ne a ciki. Bayan shekara huɗu, a Mayun 2016, sai ga wani mai laƙabin Peace yana tallar cikakken kayan a kasuwar ɓoye kan bitcoin 5, wajen dala 2,200 a lokacin: adireshin imel haɗe da kalmar sirri na mutum miliyan 117. Ashe abin da aka gani a 2012 somin taɓi ne. An kama wani Barashe, Yevgeniy Nikulin, a Prague a Oktoban 2016, aka miƙa shi ga Amurka a 2018, kotu a San Francisco ta yanke masa ɗaurin wata 88 a 2020. Ta kwamfutar gida ta wani injiniyan kamfanin ya bi ya samu hanyar shiga.

LinkedIn bai ajiye kalmomin tsirara ba. Ya bi ta hanyar da ake kira SHA-1, wani lissafi da ke niƙa kalma ya mayar da ita alamomi 40 na lambobi da haruffa. Kamar gero ne da aka kai inji, gari ba ya komawa tsaba. Idan ka niƙa 123456 abin da zai fito shi ne 7c4a8d09ca3762af61e59520943dc26494f8941b, kuma babu lissafin da zai ɗauki wannan ya koma da shi baya. Duk sanda ka zo shiga, shafin zai niƙa abin da ka rubuta ya gwada da wanda ke ajiye. In sun dace ya buɗe maka.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɓarawo ba ya buƙatar komawa baya, abin da yake buƙata kawai ya yi ta niƙa kalmomin da yake zato har ɗaya ta dace. Kuskure biyu LinkedIn ya yi, kuma su ne suka cika waɗannan juzu'ai takwas. Na farko, bai sa abin da masana ke kira gishiri ba, wato wasu alamomi na kan-mai-uwa-da-wabi da ake haɗa wa kalmar kowane mutum kafin a niƙa, kowa da nasa daban. Da gishiri, mutum dubu masu kalma iri ɗaya za su fito da niƙa dubu mabambanta, sai ɓarawo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba gishiri kuwa, zato ɗaya zai gwada a kan miliyoyin mutane lokaci guda. Dabarar ba sabuwa ba ce: Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana ta tun 1979 a kan tsarin Unix, inda gishirinsu ke juya kowace kalma ta fuska 4,096. Shekara talatin da uku kenan kafin satar. Na biyu, SHA-1 an yi shi ne don sauri, alhali ajiyar kalmar sirri jinkiri take so. Katin hoto guda ɗaya na kwamfutar wasanni, irin RTX 4090, yana iya gwada kalma wajen biliyan 50 a sakan ɗaya da manhajar fasa kalmomin sirri mai suna hashcat idan SHA-1 ne. Kalma mai ƙananan haruffa takwas tana da fuska kusan biliyan 209, sakan huɗu da 'yan kai kenan an gama da dukkansu. Ko ka cakuɗa manya da ƙanana da lambobi da alamomi, duk maɓallai 95 da ke allon rubutu, muddin takwas ne, kwana ɗaya da rabi ya isa. Da bcrypt aka yi amfani, wani lissafin niƙa mai jinkiri wanda Niels Provos da David Mazières suka fitar a 1999, aka kuma saita nauyinsa a mataki na 12, wannan katin zai faɗo zuwa gwaji dubu ɗaya da 'yan ɗari a sakan, aikin sakan huɗu ya koma na shekara huɗu da ɗoriya. Kamfani yana biyan kuɗin wannan jinkiri da ƙarin injina da ƙarin wuta, shi ya sa wasu ke ƙyashi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu fasawa ba sa ma farawa da gwada komai da komai. Suna farawa da tsoffin jeri, musamman na RockYou, kamfanin da aka kwashe wa kalmomi miliyan 32 a 2009 yana ajiye da su tsirara, aka tace suka zama kalma miliyan 14 da 'yan kai. Sai su bi da ƙa'idojin juyi: a mayar da harafin farko babba, a ƙara 1 a ƙarshe, a ƙara shekara, a sa @ a madadin a, a sa sifili a madadin o. Duk wayon da mutum yake ganin shi kaɗai ya yi, yana cikin fayil ɗin ƙa'idojin nan tun tuni. Kalmar da aka fasa kuma sai a zuba ta cikin jerin a sake zagayowa. A fayil ɗin 2012 ma, fiye da rabin layukan an riga an shafe alamominsu biyar na farko an sa 00000, abin da masu bincike suka ɗauka shaida ce cewa ɓarayin sun gama da waɗannan kafin su nemi taimako. Masu lambar waya a matsayin kalmar sirri, abin da ya zama ruwan dare a wurinmu musamman idan mai shago ne ya buɗe wa mutum Facebook, su sani lambobin Najeriya da ke farawa da 070, 080, 081, 090 da 091 duka-duka miliyan 500 ne, na Nijar masu lamba takwas miliyan 100. Kafin ƙiftawar ido an wuce su.

Akwai abu biyu da littattafan Bartholl ba su faɗa da baki ba, amma duk wanda ya san asalin jerin zai gane su. Na ɗaya, kalmomin da aka iya fasawa ne kawai ke ciki. Tazarar da ke tsakanin miliyan 6.5 da miliyan 4.7 ita ce ta waɗanda suka gagara a lokacin. Don haka in ka duba ba ka ga taka ba, wannan bai nuna ba a sace ta ba. Na biyu, jerin 2012 ba ya maimaita kalma, don haka 123456 layi ɗaya tak ta ci, daidai da kalmar da mutum ɗaya a duniya ya zaɓa. Sai a 2016 aka ga yawan masu ita: fiye da 750,000, sai linkedin mai bi mata da fiye da 170,000. A ganina nan ne ƙarfin aikin yake, nan ne kuma rauninsa. Takarda ta daidaita kowa, ta ɓoye cunkoson da shi ne ainihin matsalar. Amma ta nuna abin da alƙaluma ba sa nunawa, wato abin da mutane ke rubutawa a wurin da suke ganin ba mai gani: sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, sunan masoyi, ƙungiyar ƙwallo, addu'a, ashar. An samu har da mai cewa ya tsani aikinsa, a shafin da aka buɗe don neman aiki.

Shin buga sirrin mutane a rataya a baje koli ya dace? Babu suna ko imel a littattafan, kalma kuwa ba tare da mai ita ba ba ta buɗe ƙofar kowa. Wanda zai yi ɓarna yana da fayil ɗin a kwamfutarsa, ba zai tsaya juya shafi 6,400 ba. Ɓarnar gaske ta wata hanya ta biyo, ta maimaita kalma ɗaya a wurare da yawa. Wani ma'aikacin Dropbox, kamfanin ajiye fayil a intanet, ya yi amfani da kalmarsa ta LinkedIn a wurin aiki, ta nan aka shiga aka kwashi bayanan asusu miliyan 68. A Yunin 2016 wasu masu kutse da ke kiran kansu OurMine suka karɓe shafukan Mark Zuckerberg na Twitter da Pinterest, suka ce a kayan LinkedIn suka tsinci kalmarsa, dadada.

Abin dariya, satar kalmar sirri ta farko da aka sani ita ma bugawa aka yi a takarda. Fernando Corbató ne ya kawo kalmar sirri a kwamfutar CTSS ta jami'ar MIT a farkon shekarun 1960, don mutane da yawa su yi tarayya a inji ɗaya ba tare da wani ya leƙa fayil ɗin wani ba. A 1962 wani ɗalibin digirin digirgir, Allan Scherr, da awa huɗun da ake ba shi a mako ba sa isarsa, ya aika umarnin a buga masa fayil ɗin kalmomin sirrin kowa, ya je ya ɗauki takardarsa. Corbató kansa kafin rasuwarsa a 2019 ya amsa cewa abin ya zama masifa, don ba wanda zai iya riƙe ɗimbin kalmomin da ake nema a wurinsa yau.

Ƙoƙarin gyara ma ya ƙara dagula lamarin. A 2003 Bill Burr na hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ya rubuta shawarar da ta zama tushen dokar nan ta sai ka sa babban harafi da lamba da alama. Kamfanoni suka ɗora da tilasta canji duk bayan kwana 90. Me mutane suka yi? Suka ɗauki kalmarsu ta da, suka ɗaga harafin farko, suka liƙa 1 da alamar motsin rai a ƙarshe, bayan wata uku 1 ta koma 2. Wahala ta ƙaru ga mai ita, ɓarawo ko a jikinsa. A 2017 Burr ya ce ya yi nadamar yawancin abin da ya rubuta, NIST kuma ta sauya matsayi a shekarar: a daina tilasta cakuɗa alamomi, a daina tilasta canji sai in akwai alamar an sace, a bar mutane su yi doguwar kalma har alama 64, a kuma ƙi karɓar duk wadda ta taɓa fitowa a jerin sata. Har yau shafuka da yawa, har da na bankuna, suna kan tsohuwar doka.

Abin da ke aiki shi ne tsawo da rashin zaɓin zuciya. Hanyar da Arnold Reinhold ya fitar a 1995, Diceware, ba ta buƙatar komai sai dayis irin na ludo da jerin kalmomi 7,776. Ka jefa sau biyar ka rubuta lambobin a jere, misali 4-1-6-2-3, ka duba kalmar da ke gaban wannan lamba a jerin. Ka maimaita har ka samu kalma shida. Ko da ɓarawo ya san jerin da ka yi amfani da shi, ko da SHA-1 mara gishiri aka ajiye ta, katin nan mai biliyan 50 a sakan zai shafe shekara wajen 140,000 kafin ya ƙure duka. Inda ake ɓata abin shi ne a ce wannan kalma ba ta yi daɗi ba a sake jefawa, ko a jera su yadda za su ba da ma'ana. Da ka fara zaɓa ka koma cikin abin da ake iya zato. Karin magana ko baitin waƙa ko aya ba su kai wannan ƙarfi ba, don duk abin da aka taɓa rubutawa a intanet ana iya zuba shi a jeri. Mai son yin nasa da Hausa yana iya ɗaukar ƙamus ya bar dayis ya zaɓa masa shafi da layi, amma ya guji haruffa masu lanƙwasa. Ranar da wayarka ta lalace ka ari wata da babu ƙ da ɗ da ɓ a allonta, za ka tsaya kana kallon asusunka ba halin shiga.

Kar a rikita wannan da lambar katin banki. Lamba huɗu fuska 10,000 kawai gare ta, amma tana wadatarwa saboda injin yana toshe katin bayan kuskure uku. Doguwar kalma ana yin ta ne don ranar da aka sace rumbun gaba ɗaya, ɓarawo yana gwaji a ɗakinsa ba mai ƙirga masa.

Yanzu a dawo kan sunan aikin, don Bartholl bai zaɓe shi a banza ba. Duk ƙarfin kalmarka, a ƙarƙashinta akwai ƙofar da aka bar wa wanda ya manta, kuma wannan ƙofa ba ta san mai gida da baƙo ba. A Satumban 2008 wani ɗalibi ɗan shekara 20 ya shiga imel ɗin Yahoo na Sarah Palin, tana takarar mataimakiyar shugaban Amurka, ba tare da ya fasa komai ba. Ya danna ya manta, aka tambaye shi ranar haihuwa, lambar yankin gidan waya, da inda ta haɗu da mijinta, duk ya samo amsoshin a intanet. A Agustan 2012, wata biyu bayan fallasar LinkedIn, aka yi wa ɗan jaridar mujallar Wired, Mat Honan, wanda ya fi wannan muni. Masu kutsen suka buga waya Amazon suka yi dabara har suka ga lambobi huɗu na ƙarshe na katin bankinsa, lambobin da Amazon ke ganin ba sirri ba ne. Suka buga wa Apple, wanda a lokacin waɗannan lambobi huɗu da adireshin gida sun ishe shi shaida, aka ba su kalmar wucin gadi. Daga nan suka shiga Gmail ɗinsa, suka goge iPhone da iPad da MacBook ɗinsa daga nesa, har da hotunan 'yarsa. Abin da suke so duka-duka shi ne gajeren sunansa na Twitter.

To a toshe ƙofar mana? Stefan Thomas, wani mai rubuta manhaja haifaffen Jamus da ke zaune a San Francisco, yana da bitcoin 7,002 da mabuɗinsu ke cikin filas ƙirar IronKey. Na'urar tana ba da damar gwaji goma, daga nan ta kulle abin da ke ciki har abada. Takardar da ya rubuta kalmar ta ɓace. Sanda jaridar New York Times ta ba da labarinsa a Janairun 2021 ya yi gwaji takwas bai dace ba, saura biyu. Na'urar ba ta yi laifi ba, aikin da aka saye ta dominsa ta yi. Duk tsarin da zai iya ceto mai mantuwa zai iya ceto mai kwaikwayonsa, wanda kuma ba zai buɗe wa ɓarawo ba ko ta halin ƙaƙa, wata rana zai ƙi buɗe wa mai shi. Kowane zaɓi da ke gaban mutum yana wani wuri ne tsakanin Honan da Thomas.

Manhajar ajiye kalmomin sirri, irin Bitwarden ko KeePass ko wadda ke cikin Chrome da iPhone, tana magance babbar cutar, wato maimaitawa, don tana ƙirƙiro wa kowane shafi tasa daban. Tana da wani amfani da ba a cika ambata ba: ba ta cike maka kalma a shafin bogi, saboda adireshi take dubawa, ba kamanni ba. In ka ga ta ƙi cikawa, ka tsaya ka duba adireshin kafin ka kwafa da hannu. Farashinta shi ne komai ya taru wuri ɗaya. A 2022 aka kwashi kwafin rumbunan masu amfani da LastPass, wata manhajar ajiya irin wannan. Suna kulle, amma ɓarayin suna da su a hannu, suna iya gwada babbar kalmar kowa iya son ransu. Wanda tasa ta kasance gajeriya ya shiga uku. Wannan babbar kalma ita ce ta cancanci dayis da kalma shida.

Takarda kuwa an daɗe ana zaginta fiye da kima. Masanin tsaro Bruce Schneier ya ce tun 2005 mutane su rubuta kalmominsu su ajiye a walat tare da sauran takardunsu masu daraja. Ɓarawon da ke wata nahiya ba ya iya buɗe durowarka. Sai dai mutum ya tambayi kansa wa ya fi tsoro. A gidan da yara da ƙanne da baƙi ke shige da fice, kuma waya ɗaya tana zaga hannu biyar, ɗan littafin da ke ƙarƙashin katifa ya fi rumbun kowane kamfani sauƙin isa.

Mataki na biyu na tantancewa shi ma hawa-hawa ne. Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi babu nesa ba kusa ba, amma ta rataya ne a kan layinka. Wanda ya yaudari kamfanin waya aka sabunta masa layinka, ko ya zare sim daga wayar da aka ƙwace, shi zai karɓi saƙon. Layin da ka daɗe ba ka amfani da shi ma ana iya sake sayar wa wani, alhali yana nan maƙale da imel ɗinka. Sa lambar kulle a kan sim ɗin kansa aikin minti biyu ne a saitin waya, sai dai ka fara nemo lambar PUK, wadda ke buɗe sim in ya kulle, ka ajiye, don kuskure uku yana kulle layin. Yawancin sace WhatsApp kuma babu kutse a ciki: kira ne ake yi a ce za a sa ka a taron ƙungiya ko an turo maka lamba bisa kuskure, ka karanto lambobi shida da bakinka. Kunna tantancewa mai mataki biyu a cikin WhatsApp, tare da sa imel na gaske, yana tare wannan. Manhajar da ke fitar da lamba shida duk sakan 30 ba ta dogara da layi ba, ko babu sabis tana aiki, amma tana da tarko biyu. In agogon wayarka ya kauce, lambobin za su daina dacewa, maganin shi ne ka mayar da saitin lokaci ya riƙa daidaita kansa. In wayar ta ɓace kuma ba ka adana lambobin ko-ta-kwana ba, ka kulle kanka a waje. Google yana ba da guda goma, kowace mai lamba takwas, kowace sau ɗaya take aiki. A rubuta su a takarda ranar da aka kunna tsarin, kada a ɗauki hotonsu a bari a cikin wayar da ake tsoron ɓatanta.

Sabuwar hanyar da Apple da Google da Microsoft suka amince da ita a 2022, wadda ake shiga da yatsa ko fuska ba kalma, ta cire abin da za a sata daga rumbun kamfani, don rabin mabuɗin da ke wurinsu ba ya buɗe komai shi kaɗai. Da ita LinkedIn yake amfani a 2012, da Bartholl bai samu abin bugawa ba. Amma ta mayar da nauyin kan wayarka da asusun da ke riƙe da ita, kuma duk wanda ya san lambar buɗe wayar ya gaji komai. Yatsa ma ba a canza shi. A 2013 ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta yaudari na'urar yatsa ta iPhone 5s kwanaki kaɗan bayan fitowarta, a 2015 kuma aka sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka.

Abin da littattafan suka fi intanet shi ne, littafi bai san shafin da ka buɗe ba. Wanda ke tsaye kusa da kai ne kawai zai ga inda yatsanka ya tsaya. Duk shafin da ya ce rubuto kalmarka mu duba maka ko an sace, ka ba shi abin da kake tsoron an sace. Troy Hunt, ɗan Ostareliya da ya buɗe Have I Been Pwned, shafin duba ko an sace bayananka, a ƙarshen 2013, ya warware wannan a 2018 da dabarar Junade Ali na kamfanin Cloudflare. Na'urarka ce ke niƙa kalmar, ta aika alamomi biyar na farko kawai. In kalmar password ce, 5BAA6 za ta tafi. Shafin ya dawo da ɗaruruwan niƙa da suka fara da haka, na'urarka ta duba ko taka tana ciki. Rukunan sun kai 1,048,576, kuma shafin bai taɓa ganin sauran alamomi 35 ba. SHA-1 ɗin da ya kunyata LinkedIn shi ne dai ake amfani da shi a nan, don a wannan aikin saurinsa ba aibi ba ne.

Saura mantuwar da ba ta da magani, ta ranar da mai kalmar ba ya nan. Magada suna iya sanin akwai kuɗi a manhaja, ko takardun fili a imel, ko bashin da aka rubuta a waya, su rasa hanyar isa. Google yana da saiti na asusun da aka daina taɓawa: ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18 na shiru, ka sa sunan mutum har goma, ka ƙayyade abin da kowa zai iya saukewa, kuma kafin wa'adin ya cika za a tuntuɓe ka ta waya da imel ko kana nan. Apple ya ƙara nasa a ƙarshen 2021, inda wanda ka wakilta zai kawo mabuɗin da ka ba shi tare da takardar shaidar rasuwa, sai dai wannan ba ya buɗe kalmomin sirrin da ke ajiye a wayar. Su sai ka tanada daban: babbar kalmar, lambar buɗe waya da lambobin ko-ta-kwana a ambulan da aka liƙe aka sa hannu a bakinsa, a ajiye inda takardun gida suke, a kuma sauya abin da ke ciki duk sanda aka canza ɗaya daga cikinsu.